Sayar da gida a Kumasi: a ba dillali ko mutum ya nemi mai saye da kansa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da muka rabu da gidan Babanmu na Aboabo, Allah ya jiƙansa da rahama, daga baya kuma na sayar da ɗan gidana da na gina ta wajen Kenyase, mutane suke tare ni a ƙofar masallaci ko bakin shago da tambaya ɗaya, wai shin in ba ejan, wato dillali, ne ko in yi cigiyar mai saye da kaina, wanne ya fi sauri? Gida biyu na sa hannu a cinikinsu, na farko ya ci mana shekara biyu saura kaɗan, na biyu wata huɗu bai cika ba kuɗi ya shiga akawun. Kuma wallahi a duka biyun samun mai saye bai taɓa zama matsala ba, Kumasi ce fa, kullum mutane ƙaruwa suke, fili kuwa ba ya ƙaruwa. Abin da ke riƙe ciniki takarda ce da kuma bakin dangi. Zan kwatanta hanyoyin biyu yadda na gan su, amma sai na fara da wannan tukuna, don in ba a gyara shi ba ko dillali goma ka ɗauka zaman jira za ka yi.

Mu a zango mun saba cewa gida namu ne tunda kaka ya gina kuma kowa a unguwa ya sani. Mai saye mai hankali ba ya biyan kuɗi a kan kowa ya sani. Yawancin ƙasar Kumasi ta kujerar sarauta ce, tana ƙarƙashin Asantehene, sarkin Tonawa wato Ashanti, Otumfuo Osei Tutu II, da sarakunan da ke ƙasa da shi, kuma kundin tsarin mulki na 1992 ya hana a sayar da ƙasar kujera mallaka ta har abada. Abin da ke hannunka haya ce mai tsawo, ga ɗan ƙasa galibi shekara 99 in gidan zama ne, wanda ba ɗan Gana ba kuwa ba a ba shi fiye da 50. To kai mai sayarwa ragowar shekarun ne kake miƙa wa wani, shi ya sa lauyan mai saye zai fara duba yaushe aka fara lissafi, saura nawa, sannan mai ƙasar ya yarda a miƙa ko bai yarda ba. Da yawa daga cikin iyayenmu abin da suka karɓa ɗan guntun takardar rabon fili ce daga hannun sarkin yankin bayan sun biya abin da Tonawa ke kira kuɗin abin sha, suka ninke ta suka sa a ƙasan akwati, ba su taɓa kai ta Manhyia ofishin filayen Asantehene ba balle a mayar da ita lis, wato takardar doguwar haya, a yi rajista a Lands Commission, hukumar filaye ta gwamnati. Wannan takardar tana da amfani, kada wani ya ce maka shara ce, amma mafari ce kawai. Mai indenca, wato takardar miƙa fili, da taswirar fili wadda safiyo, ma'aunin fili, mai lasisi ya zana, an buga hatimi an yi rajista, shi ne zai sayar yau. Mai takardar rabo kaɗai sai ya zaɓa, ko ya kashe kuɗi da watanni ya kammala, ko ya rage farashi ya bar wa mai saye wahalar.

Shawarata a nan ba ta da biyu, ka je ka yi sachin, wato binciken rajistar filin, da kanka a Lands Commission tun kafin ka gaya wa kowa kana sayarwa. Duk mai saye zai yi, to gara kai ka fara ganin sunan wa ke kan filin a littafinsu. Ka biya kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ofishin kula da filayen kujera ke karɓa, ka biya harajin gida na asambuli, wato ƙaramar hukuma, mu na Aboabo da Sawaba da Asawase tun 2012 muna ƙarƙashin Asokore Mampong ne ba KMA ta birnin Kumasi ba, ka share bashin wuta na ECG da na ruwa, ka tara rasit ɗin duka a fayil ɗaya tare da kwafin katin shaidarka, Ghana Card. Sunan da ke kan katin ya zama shi ne a kan indenca, don mu muna da wannan matsalar sosai, mutum a takardar gida sunansa da na gari, a kati kuma sunansa da na uba, sai an je kotu an yi rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, wannan kaɗai sati biyu ko uku ya tafi.

Gidan gado kuwa shi ne inda na fi shan wuya kuma shi nake so in daɗe a kai. Mu goma sha ɗaya ne, uwa uku. Malam ya zauna ya raba mana yadda Alƙur'ani ya ce, kowa ya san kasonsa, ba wanda ya yi gardama, muka ɗauka an gama. Mai saye ya zo, ɗan kasuwa ne mai mutunci, aka daidaita farashi cikin sati ɗaya, sai lauyansa ya ce ina takardar kotu? Ashe rabon malam ya warware mana tsakaninmu da Allah da tsakanin junanmu, amma a idon hukuma gidan na mamaci ne har yanzu. Tunda Baba bai bar wasiyya a rubuce ba sai an je kotu an karɓi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, waɗanda kotu ta ba izinin su rubuta wata takardar da ke sauke gidan a kan sunan magada, sannan a iya sayarwa. A nan muka tsaya cak. Yayanmu ɗaya yana Jamus, ƙanwarmu tana aure a Amurka, wani yana Tamale ba ya ɗaga waya sai ya ga dama, kuma kowanne sai ya sa hannu ko ya aiko da takardar wakilci da aka shaida a can inda yake. Kafin a haɗa wannan mai sayen ya gaji ya sayi wani gida, ban ga laifinsa ba, kuɗin ɗan kasuwa ba ya kwana. Bayan nan ƙanin Baba ya taso ya ce ɗaki biyu na baya shi ya gina da kuɗinsa, da gaske ne kuma, mu yara ne ba mu sani ba. Da mun je mun durƙusa mun ce Kawu ga abin da muke niyya tun farko, da a zama ɗaya an gama, amma ji ya yi a bakin mutane, ransa ya ɓaci, sai da manyan unguwa da liman suka shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya, in gidan gado ne ku fara takardar kotu yau ko da sai baɗi za ku sayar.

Wani abin da maza da yawa ba su sani ba, dokar filaye ta 2020, wato Act 1036, ta ce gida ko filin da aka saya da kuɗi a cikin aure ba a sayar da shi sai da rubutaccen amincewar abokin zama. Ranar da zan sayar da na Kenyase na zaunar da maiɗakina na ce Hajiya ga dalili ga dalili, ta yi tambayoyinta, ta sa hannu, lauya ya haɗa da sauran takardu. Wanda ya ɓoye wa matarsa, ranar sa hannu lauyan mai saye zai tambaya, daga nan ciniki ya koma rigimar cikin gida. Wannan dokar dai ita ce ta ce lauya ne kaɗai zai rubuta takardar miƙa fili, to batun a je wajen mai kwamfuta a bakin titi ya buga indenca ya wuce.

To yanzu dillali. Amfaninsa a fili yake, yana da mutane a waya waɗanda ke neman gida yau ɗin nan, ya san abin da aka sayar da na makwabta, shi zai sha rana yana kai mutane suna dubawa kai kana shagonka a Kejetia ko Alabar, kuma yana iya faɗin maganar da kai kunya ba za ta bar ka ka faɗa ba. In gidanka a sababbin unguwanni yake, irin su Kenyase, Buokrom, Abuakwa ko hanyar Ejisu, inda mai sayen zai iya zama ma'aikacin gwamnati ko nas ko wani Batone da ke Landan wanda ba ka da hanyar saninsa, dillali ya fi ka nesa ba kusa ba. La'adar da aka fi ambata kashi 5 cikin 100 ce, ana kuma ciniki a kai, a rubuta ta tun farko da wanda zai biya.

Inda dillali ke jawo jinkiri shi ne in sun yi yawa. A gidan Aboabo kowanne cikinmu ya gaya wa nasa ejan, kafin wata biyu gidan yana hannun mutum bakwai ko takwas, kowa ya ɗora nasa a kai, mai saye ya ji farashi uku daban-daban a kan gida ɗaya, sai ya ce lallai akwai wata a ƙasa ya janye. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Akwai kuma wanda abincinsa kuɗin zuwa dubawa ne da yake karɓa a hannun masu nema, shi ko an saya ko ba a saya ba ya samu na cefane, zai ta kawo maka 'yan kallo suna buɗe ɗakuna suna damun 'yan haya. Ɗaya ma ya karɓi kuɗin kamun ciniki a hannun wani ba da saninmu ba, muka sha fama kafin a mayar. Tun 2020 akwai doka ta musamman a kan dillalan gidaje, Act 1047, ta kafa majalisar da ke ba su lasisi, ta kuma ce kuɗin cinikin gida ya bi ta banki ko cek ko tiransifa, ba a jaka ba. Ka tambayi ejan lasisinsa, ka tambayi gidan da ya sayar kwanan nan ka je ka ji daga bakin mai gidan. A na Kenyase mutum ɗaya na ba, a rubuce, na ce wata uku ne, farashi kaza, ba ka ƙara ko sidi ɗaya a kai, ba ka karɓar kuɗin kowa, in wata uku ya cika ba labari na karɓi abuna. Da ya san shi kaɗai ne kuma akwai wa'adi sai ya yi aiki kamar gidan ubansa.

Sayarwa da kanka ita ma tana da inda ta fi. Gidan haya na tsakiyar zango mai ɗaki goma sha biyu da tsakar gida ɗaya da bayi na tarayya, wanda zai saye shi kusan kullum ɗan unguwa ne ko wanda ya tashi a nan ya yi arziki yana so ya rushe ya ɗora bene kusa da iyayensa da masallacinsu. Irin wannan ba a Intanet yake ba, yana sahun gaba ranar Juma'a. Magana ɗaya a kunnen liman ko mai unguwa ko wani Alhaji mai shanu ta fi talla ɗari. A ƙarshe ma haka gidan Baba ya tafi, makwabcinmu ne ya gaya wa surukinsa, ba la'ada ba komai sai ɗan goron da muka ba shi don jin daɗi. Kana kuma iya sa hotuna a Jiji ko Tonaton ko meQasa ko Facebook da sitatus na WhatsApp, kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, sai dai ka shirya, rabin masu kira dillalai ne da za su kwashe hotonka su sa nasu farashin, kuma kar ka taɓa tura wa baƙo hoton indenca ɗinka gaba ɗaya, ana buga na jabu da shi.

Matsalar wannan hanyar kunya ce, kuma kunya tana cin lokaci fiye da kowane ofis. Wanda ka sani zai ce ɗan'uwa ai mu ɗaya ne, ka bar min kaza, ga rabi yanzu sauran bayan Sallah, kai kuma ba ka iya cewa a'a don ya yi maka ta'aziyya ya ɗauki gawar mahaifinka. Bayan Sallah ta zama bayan Hajji, gida ya fita daga kasuwa, kuɗi bai cika ba, ba ka iya sayar wa wani ba ka iya kai shi ƙara. In za ka bi nan, ka sa lauya a tsakani tun ranar farko ka ce Alhaji ni ba ruwana, magana tana wajen lauya, shi zai rubuta ranar biya da abin da zai faru in ranar ta wuce. Hakan ya fi tsare zumunci a kan a yi shiru a zo ana gaba.

Ni a ganina ma zaɓen mai saye ya fi zaɓen dillali tasiri a kan lokaci. Mai kuɗi a hannu shi ne mafi sauri, in takardu sun cika sachin kawai zai jira, amma zai matse farashi don ya san darajar abin da ya riƙe. Mai zuwa da bashin banki, irin na Republic Bank ko Stanbic ko First National, yakan ba da farashi mai kyau sai dai banki zai turo mai kimanta gida, zai nemi rajista cikakkiya da izinin gini, abu kaɗan ya ɓace a koma baya, kuma ana iya hana shi bashin bayan ka jira wata biyu. Gidan zango mai takardar rabo kada ma ka ɓata lokacinka da wannan, mutanenmu da yawa ma ba sa zuwa nan saboda riba. Sai borga, ɗan'uwanmu na Turai ko Amurka, yana da kuɗi kuma yana so da gaske, amma shi yana can, ƙaninsa ne ke dubawa, uwarsa ce za ta ce unguwar ta yi ko ba ta yi ba, kuɗin kuma kashi-kashi yake zuwa, sau da yawa sai ya ce a jira ya sauka a Disamba. In ba ka gaggawa ba laifi. In kuɗin asibiti ko na makaranta ko rabon marayu ke jiranka, karɓi na mai kuɗi a hannu ko da ya gaza da kaɗan. Ɗan'uwanmu na Nijar ko Najeriya da ba shi da takardar zama ɗan ƙasa, a gaya masa batun shekara 50 tun a zaman farko kada ya ji a ofishin lauya ya ce an rufe shi.

Farashi ma yana riƙe gida. Wanda ya ga 2022 ya san dalilin da ya sa kowa ke son ambaton dala, sidi ya taso daga wajen 6 a dala ɗaya a farkon shekara ya kusa 15 a Nuwamba, hauhawar farashi ta haura kashi 54 a Disamba, wanda ya karɓi rabin kuɗinsa a Janairu sauran a ƙarshen shekara ya yi asara mai ciwo. Amma Bankin Gana ya hana sa farashi da kuɗin waje, kuma a 2025 sidi ya juyo ya yi ƙarfi, masu lissafi da dala suka ga abin ya koma kansu. Ka sa farashinka da sidi, ka gajarta kwanakin biya, kwana talatin ko sittin, shi ne kariyarka. Kuma kada ka ɗora farashi a kan abin da ka kashe ko abin da kake bukata, ɗora shi a kan abin da aka sayar da irinsa a layinku. Gidan da ya wuce wata shida a kasuwa mutane sukan fara cewa ko akwai shari'a a kai, ko da lafiyarsa ƙalau.

'Yan haya kada a manta da su, su ma mutane ne da iyali. Dokar haya ta 1963 ta ce adibas kada ya wuce wata shida amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu muke karɓa, to in ka ci kuɗin mutum na shekara biyu ba ka da bakin ce masa ya tashi gobe, zai kai ka Rent Control, ofishin gwamnati mai kula da haya, kuma yana da gaskiya. Da zarar niyyar sayarwa ta zo ka daina karɓar dogon adibas, ka gaya musu da bakinka, ka rubuta wa kowa ranar da kuɗinsa zai ƙare. Mai saye ko dai ya karɓi gidan da su a cire ragowar kuɗinsu daga farashi, ko ka mayar musu ka ba su lokacin neman wani wuri. A gidan Baba akwai wata tsohuwa da ta fi shekara talatin a ɗaki ɗaya, ita ta yi mana wanka muna yara, sai da muka samo mata ɗaki a Sawaba muka biya mata shekara guda kafin mu ba da makulli, wannan jinkirin kam ban yi nadamarsa ba.

To in ka tambaye ni wanne za ka ɗauka, ka dubi gidanka. Tsohon gida a cikin zango, na gado, mai 'yan haya, ku gama da kotu da dangi tukuna, sannan ku nemi mai saye ta bakin manyan unguwa, mutum ɗaya cikinku ya zama mai magana, lauya ya riƙe takarda da ranar biya. Gida na kanka a sabuwar unguwa mai indenca da rajista, ka ba dillali ɗaya mai lasisi na wata uku a rubuce, kai ma kana cigiya ta gefenka, ku yarda tun farko me zai samu in kai ka kawo mai sayen. Kuɗin lauya da na sachin da na safiyo za su fita daga aljihunka kafin ka ga ko sidi ɗaya, na san da nauyi, mu sai da muka yi karo-karo. Kuɗin hatimi na gwamnati yawanci mai saye ne ke biya, amma ku faɗe shi a zaman farko, haka ma abin da za a kai wa mai ƙasa don ya yarda a miƙa lis, a san wa zai ɗauka. Makulli da asalin takardu kuwa su zauna a hannun lauyanka har sai bankinka ya tabbatar maka kuɗin ya zauna a akawun, ba alat na waya ba, ka je reshe da ƙafarka ka gani.